Fiyus ɗin kyamarar mota: wace lamba ce daidai?

Tambaya daga Agege: Na sayi kyamarar gaban mota a kasuwar kayan mota ta Ladipo da ke Legas, mai wayarin ya haɗa ta da fiyus mai lamba 20, wato amfiya 20, ya ce gara babba don kada ya riƙa ƙonewa. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Malam, ba daidai ba ne, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ɗau zafi. Kyamarar ba ta cin ko amfiya 1, wayarta kuma siririya ce, saboda haka idan wuta ta haɗu, robar wayar za ta narke a ƙarƙashin sitiyari alhali fiyus ɗinka mai ruwan ɗorawa yana nan lafiya lau, kai kuma kana tsakiyar cunkoson gadar Third Mainland ba wurin tsayawa. Mai lamba 3 ko 5 ya wadatar. Masu naɗa takardar kwalin taba a gurbin fiyus kuwa, sai dai mu yi musu addu'a.

Wurin da za ka jona kyamarar a akwatin fiyus kuma gwada shi ake yi, ba a cankarsa. Ni fitilar gwaji na fi so a kan mitar auna wuta, domin ba ta buƙatar karatu. Ka maƙala wayarta a kan notin jikin mota da ba fenti, sannan ka taɓa ɗigon ƙarfe biyun da ke bayan fiyus. Fiyus ɗin da ba ya kawo haske sai an murɗa makulli, kamar na wurin cajin waya, shi kake nema. Ka jira 'yan mintoci bayan kashe mota kafin ka gwada, domin motocin zamani ba sa yanke wuta nan take. Kada ka kusanci na jakar iska, ko na birkin ABS, ko na kwamfutar inji, ko da sun fi sauƙin kaiwa.

Tambaya daga Idi-Araba: Tun da aka sa mini kyamara, batir yake mutuwa kafin gari ya waye.

Amsa: Hajiya, an jona ta ne a layin da ba ya yankewa. A mayar da ita layin makulli, ko a sa na'urar da ke katse wuta idan batir ya sauka zuwa bolt 12.

Tambaya daga Alaba Rago: Mahaɗin fiyus ɗin da na saya, wato abin da ake cusawa a gurbin fiyus don jona kyamara, ya ƙi shiga.

Amsa: Alhaji, girmansu ba ɗaya ba ne. Ka zare fiyus ɗin motarka, ka sa a aljihu, ka koma kasuwa da shi.