Tambaya da Amsa: Idan Duniya Ta Rikice, Me Zuciya Za Ta Riƙe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar firamare ne a wani gari kusa da Nguru a Jihar Yobe. Gonar da mahaifinmu ya ciyar da mu da ita, yanzu bana fari ya ƙone gero, baɗi ruwa ya shanye shi, ga kuma rigimar manoma da makiyaya da ta raba mu da mutanen da muka tashi muna shan nonon shanunsu. Idan na buɗe waya da dare sai in ga gobarar daji a wata ƙasa, yaƙi a wata, ambaliya a wata. Abokaina suna cewa alamun ƙarshen zamani ne, babu abin yi sai jira. Gaskiya gwiwata ta yi sanyi, har addu'a ma ina yin ta ne ba karsashi. Mece ce shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yaye mana, Ya kuma saka maka da alheri bisa tarbiyyar 'ya'yanmu da kake yi. Ba zan ce maka abin da kake gani ƙarya ne ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da na 1980, ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, sannan a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta malale babban sashe na Maiduguri. Alƙur'ani ma, a aya ta 41 ta Suratur Rum, ya faɗa cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Inda na rabu da abokanka shi ne wajen maganar jira. Ko da mun yarda cewa ƙarshen zamani ne, ai an riga an gaya mana abin da ake yi a ranar, domin Imam Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce idan alƙiyama ta zo tsayuwa alhali akwai ɗan dashen dabino a hannun ɗayanku, to in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, ya dasa. Wanda ya dasa a wannan hali ya san ba zai ci 'ya'yan itacen ba, kuma babu wanda zai sha inuwarsa, amma duk da haka an umarce shi da ya durƙusa ya tona rami. A fahimtata, wannan hadisi ya raba aikin alheri da lissafin sakamakonsa na duniya, kuma a nan ne ciwon zuciyarka yake: kana ɗora wa kanka nauyin gobarar ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, kai kaɗai, a kan tabarma da tsakar dare, a lokacin da hannunka ba ya iya komai sai shafa fuskar waya.

Bari in kai ka Maraɗi, wadda ba ta yi muku nisa ba. A farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itatuwan da rana da awaki suke hallakawa, har wata rana ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma suke sarewa duk shekara lokacin sharar gona, ba ciyawa ba ce. Tofon kututturan itatuwan da aka sare tun tuni ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ake buƙata bai wuce na wuƙa ko lauje ba: manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kowane kututture, ya sassabe sauran, ya kare abin da ya bari. Mutanen Nijar suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, da yawansu gawo ne, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma ba dabbobi abinci da rani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum ɗaya bai isa ya yi wannan ba, domin abin da ka bari da safe wani zai iya sare shi da yamma ya yi makamashi. Aikin ya tsaya da ƙafarsa ne a garuruwan da mutane suka zauna suka kafa doka a tsakaninsu, kamar Ɗan Saga a yankin Agiye, inda kwamitin kula da itatuwa ya haɗa manoma da mata da makiyaya. Bafulatanin da ake zargi da ɓarna ya zama mai gadi, saboda shi ma shanunsa suna cin moriyar 'ya'yan gawon. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gayya ce da aka yi wa sabuwar riga, kuma tana da asali a hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Annabi (SAW) ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne.

Saboda haka, ka rage kallon labarai bayan sallar isha'i, ka zaga gonar mahaifinku kafin sharar bana ka ƙirga kututturan da ke tofo, ka kuma tafi da 'yan ajinka su gani da idonsu. Sannan ka nemi mai gari da liman su gayyaci arɗon da ke kusa a zauna kan maganar burtali da mashaya tun ruwa bai sauka ba. Na sha ganin cewa addu'ar mutumin da ya yini yana aiki tare da jama'a ta fi ta wanda ya yini cikin zullumi nutsuwa. Idan kuma damuwar ta kai ga hana ka barci ko cin abinci na tsawon makonni, ka ga likita, wannan ba raunin imani ba ne.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Kaduna. A unguwarmu an kafa ƙungiyar yashe magudanan ruwa tare da maƙwabtanmu Kirista, amma yayana ya ce bai dace in shiga ba. Shin haka ne?

AMSA: 'Yata, ki gaishe da yayanki, ki tuna masa cikin ladabi da Hilful Fuduli, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin annabta cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta. Annabi (SAW) ya halarce shi yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa ga irinsa, da ya amsa. Ruwan da ya toshe a kwata kuwa ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga ɗaki.

A garinku ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, inda faston ya rasa hannunsa na dama, limamin kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, suka kafa cibiyar sulhu tare daga baya. A Jihar Filato kuma, a watan Yunin 2018, Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista 262 a gidansa da masallacinsa lokacin da aka biyo su. Idan damuwar yayanki ta cakuɗuwar maza da mata ce ko fitar dare, wannan magana ce mai tushe, sai ku daidaita a kan lokaci da sashen mata, ko ma ki roƙe shi ya ɗauko shebur ya raka ki ranar Asabar.