Ɗigo ɗaya a faranti ya isa a ce magani lafiyayye ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na ɗora ruwan farasitamol na yara a farantin TLC (farantin gwaji da ake raba sinadaran magani a kansa), ɗigo ɗaya tak ya fito a ƙarƙashin fitila, daidai da na ma'auni, wato tsantsar farasitamol da ake kwatantawa da shi. Sai dai tunda damina ta kankama ɗigon ke hawa sama fiye da da. Ogana ya ce in sa hannu kawai cewa maganin lafiyayye ne, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daminar mai sauƙi ne. Fuskar silika, garin da aka shafe farantin da shi, cike take da ƙananan hannayen riƙo da ake kira Si-OH, su ke cafke farasitamol ta wurin sassansa da ake kira OH da NH, su saki, su sake cafkewa, kuma yawan cafkar ce ke rage masa gudu yayin da ruwan hawa, wato ruwan da ke bin farantin zuwa sama, ke ɗauke da shi. In iska ta yi laima, ruwa ke riga magani zama a hannayen, riƙo ya yi sako-sako, Rf, wato awon nisan da ɗigon ya hau, ya ƙaru. Ki gasa farantin a digiri 110 na Salsiyas na rabin awa, ya huce a rufe, kuma kullum ki ɗora ma'auni kusa da samfur a faranti guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar oganki, kuma wallahi na gaji da jin ta. Faranti bai san sunan kowane sinadari ba, ƙarfin riƙo kawai ya sani. Abubuwa biyu da ba su haɗa dangi ba, in silika ta riƙe su da ƙarfi ɗaya, tare za su yi tafiya, ki gan su ɗigo guda. Wannan ma da sauƙi. Fitilar 254 nm, wadda kike duba farantin da ita, inuwa take nuna miki: farantin ne ke yin kore, abin da ke shan hasken ya bar duhu. Wanda ba ya sha fa? Yana nan zaune, ba ki ganin sa. Dayetilin gilaikol, wani sinadari mai guba, haka yake. Shi ya gurɓata maganin haƙoran jarirai a Najeriya a 2008, yara 84 suka rasu, ƙodarsu ta daina aiki. A Gambiya a 2022 aka sake, yara kusan 70. Maganin 2008 ɗin da farasitamol a cikinsa, da an ɗora shi yadda kika yi da ɗigonsa ya fito tsaf! Amma mutum ya leƙa fitila na daƙiƙa biyar ya buga hatimi don takardu sun taru a tebur.

Ki sake gwajin da wani haɗin ruwan hawa daban, ki tsoma farantin a famanganet, ruwan sinadarin da kan fito da ɗigon da fitila ba ta nunawa, ki ga ko akwai abin da ya ɓuya. Batun gilaikol kuwa na'urar GC, mai rarrabe sinadarai ta auna su, ita ce za ta raba gardama. A rahoto ki rubuta cewa ɗigon ya dace da farasitamol, ba a auna yawansa ba, ba a bincika gurɓata ba. A kan wannan za ki sa hannu.