Faifan mahaifinka lafiyarsa ƙalau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin masaƙa a Kakuri. Da muka buɗe akwatinsa sai na tarar da faya-fayen garmaho, ciki har da wasu uku a riga ɗaya, na wasu Turawa da ake kira Yes, an rubuta Yessongs. Wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya tayar mini da garmahon. To amma sautin a cushe yake, ga tafi ga ihun jama'a, kuma akwai waƙar da ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifai. Lalacewa ya yi, ko haka abin yake?
Daga wani matashi a Kakuri

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan. Faifanka lafiyarsa ƙalau, kuma kada ka yarda wani ya raba ka da shi a kan kuɗin goro.

An fitar da shi a 1973, amma kiɗan an ɗauke shi ne a 1972, a gaban taro, lokacin da 'yan ƙungiyar suke zagaya garuruwan Amurka da Kanada da Ingila. Su mutanen Ingila ne. Wannan cushewar da kake ji tun daga ɗauka take, masu sauraro sun yi ƙorafi a kanta tun a wancan zamani. A 2015 an fito da wasanni bakwai na rangadin 1972 da sauti gyararre, idan kana so ka gwada su da naka.

Tsawon waƙa kuwa shi ne asalin wannan kiɗa. Matasa ne da suka tashi da jita da ganga, amma suka ɗauki tsarin kiɗan gargajiyar Turai na manyan makaɗa, wanda ake ginawa daki-daki: a fara a hankali, a hau, a sauka, a sake komo da karin farko cikin wata siga. Fuskar faifai ba ta wuce minti 20 da 'yan kai, shi ya sa ta minti 18 take cinye ta. Ka koma farkon faifai na ɗaya ka kasa kunne. Abin da ke tashi kafin su hau dandamali kiɗan Stravinsky ne, mutumin Rasha, aka sa ta lasifika.

Ni na fara jin wannan faifai a gidan wani malaminmu a Unguwar Rimi, kuma abin da ya kama ni shi ne abin da ke kama ni a wajen Shata. Duk wanda ya ji Bakandamiya a kaset biyu ya san ba ta zuwa iri ɗaya. Taro ne ke tuƙa mawaƙi, kalangu ya yi zafi, 'yan amshi su biyo shi duk inda ya karkata. A ɗakin ɗaukar sauti, wanda ya yi tuntuɓe sai a tsaya a sake. A gaban dubban mutane babu wannan dama. Mai gangar da kake ji a yawancin faifan, Alan White, kwana kaɗan ya samu ya haddace waɗannan dogayen waƙoƙi bayan mai gangarsu na da, Bill Bruford, ya bar ƙungiyar a 1972. Idan ka san haka, ka ji yadda yake riƙe da su kada kiɗan ya warware, za ka ji ƙirjinka na bugawa tare da shi. Wallahi har yau ina jin haka.

Za ka kuma ji kamar akwai masu goge ashirin a bayansu, alhali su biyar ne. Na'ura ce mai suna Mellotron a hannun ɗayansu, Rick Wakeman. Kowane maɓalli nata yana jan zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa a kai, na kimanin daƙiƙa 8. Zafi ko rawar wutar lantarki kan karkatar mata da murya, ga ta da nauyin ɗauka. Wasu kam makaɗan gaske suka ɗebo: 'yan wata ƙungiya mai suna Procol Harum sun yi nasu faifan da makaɗan birnin Edmonton na Kanada a Nuwamban 1971. Idan na mahaifinka ya shige ka, nemi wannan.

Yanzu sai kulawa. Ƙurar hunturun Kaduna ita ce babbar abokiyar gabar faifai. Goge shi da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layukan, kada ka ratsa su. Ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da rana, domin zafi na lanƙwasa shi. Ka ce wa mai gyaran nan ya duba allurar, tsohuwar allura cin faifai take yi. In ya canza ta, fara da fuskar da waƙa ɗaya ta cinye, bayan isha'i, lokacin da unguwa ta yi shiru.