Amsa kan jaririn da aka haifa da ƙullutu a gadon baya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ta haihu jiya, jaririn yana da ƙullutu mai taushi a ƙasan baya wanda ke tsattsafo da ruwa, kuma dangi sun ce a bari sai bayan suna. Don Allah kada ku jira suna. 'Yata da irin wannan lalurar aka haife ta, likitoci suna kiranta sifaina bifida, wato ƙashin baya bai rufe ba tun cikin kwanaki 28 na farkon ciki, har laka da jijiyoyinta suka leƙo waje.

Ruwan da kike gani shi ne wanda ke kewaye ƙwaƙwalwa, saboda haka ƙwayar cuta na iya bi ta nan ta haddasa sanƙarau. Shi ya sa ake son a rufe wurin ta hanyar tiyata cikin awa 48 zuwa 72 bayan haihuwa. Ku kwantar da shi rubda ciki, a rufe ƙullutun da bandeji mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, ku nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Kada wanzami ya taɓa wurin, kada a shafa kome, ko da man zaitun ne.

Gara ku ji gaskiya tun yanzu: tiyatar tana kare abin da ya saura ne, jijiyar da ta riga ta lalace ba ta dawowa. Yawancin waɗannan yara kuma ruwa yakan taru musu a kai. Ni da zaren awo nake auna kan 'yata kowane mako ina rubutawa a bayan katin rigakafi, kuma ranar da maɗigarta ta kumbura, idanunta suka riƙa kallon ƙasa, sai aka sa mata siririyar roba mai sauke ruwan daga kai zuwa ciki.

Abin da aka fi yi wa sakaci, a ganina, shi ne mafitsara, domin iyaye ƙafa suke kallo alhali ƙoda ce ke lalacewa a ɓoye. Ku nace a koya wa uwar yadda za ta riƙa sa wa jaririn robar fitsari da hannunta sau da yawa a rana. Da farko hannu na rawa, daga baya ya zama jiki.

Kafin wani cikin kuma, ƙanwarki ta ga likita ya rubuta mata folik asid mai ƙarfi, wato bitamin da ke rage haɗarin sake haihuwar jariri mai wannan lalura, miligiram 4 zuwa 5 kullum, ta fara sha tun kafin ta ɗauki cikin, domin wanda ake bayarwa a wurin awo yakan zo bayan lakar ta gama haɗuwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya mana shi.