Amsa: Yadda Ake Shirya Gasar Taken Hoto Ta Barkwanci Tsakanin Ma'aikatan Laburare

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce kuna son shirya gasar sa wa hoto taken barkwanci tsakanin ma'aikatan laburare na Kaduna don ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, amma wadda kuka gwada a baya ko mutum biyar ba su shiga ba.

Galibi laifin hoton ne. Hoton ma'aikata a jere sun sha ado, ko na kantoci tsaf-tsaf, ba abin da za a ce a kansa. Ana son hoto mai abu ɗaya da bai dace da wurinsa ba: kyanwa tana barci a kan kantar littattafai, kundin da gara ta cinye rabinsa, tsohon akwatin katunan katalog an ɗora masa kular abinci, ko kwamfutoci goma a lulluɓe da ƙurar hunturu an ɗauke wuta. Ɗauki na kyanwar. In aka yi dace ta kwanta wajen 636.8, lambar littattafan da suka shafi kyanwoyi a tsarin Dewey na jera littattafai da lamba, wani zai rubuta "Ta san lambarta", duk mai aikin katalog sai ya dara. Na garar kuwa: "Mai karatun da bai taɓa neman katin aro ba." Irin rahar da ake nema ke nan, wadda sai ɗan gida ke ganewa. Sai dai ki tuna yawancin laburaren jami'o'i tsarin Laburaren Majalisar Amurka suke bi, don haka wasan Dewey ba kowa zai kama ba.

Hoton ya zama naku, ku kuka ɗauka. Kada fuskar mai karatu ta fito, musamman yara da ɗalibin da barci ya kwashe, haka katin aro mai ɗauke da suna. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Tsofaffin hotuna irin na Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna suna da daɗin wasa, amma sai da izini, kuma a kauce wa na sarakuna da malamai.

A saka hoto ɗaya ranar Litinin, a rufe ranar Alhamis da daddare. In aka wuce kwana huɗu zancen ya huce. Kowa take biyu, kowanne kada ya wuce kalma 12, da Hausa ko Turanci. A tura wa mutum ɗaya a keɓe, domin in aka zuba a fili, taken farko da ya ba da dariya shi kowa zai riƙa yi wa kwaskwarima. Shi mai karɓar ya cire sunaye, ya sa lamba, ya miƙa wa alƙalai uku su tace biyar, sannan a kaɗa ƙuri'a. Mujallar New Yorker ta Amurka ma haka take tacewa sannan a kaɗa ƙuri'a a irin wannan gasa tun 2005, sai dai ita uku take tacewa. Cire sunan nan kada a yi wasa da shi: in a WhatsApp za a kaɗa ƙuri'ar, tana nuna wanda ya zaɓi me, kuma ƙaramin ma'aikaci ba zai tsallake taken ogansa ido na ganin ido ba.

Ƙa'idar abin da ba a taɓawa a rubuta ta tun farko: addini, ƙabila, siyasa, da halittar mutum. Kaduna ce, kin sani. Ko wasan Kanawa da Zazzagawa, da yake halas a baki, in ya zama rubutu aka ɗauki hotonsa ya fita waje, ba mai bin sa da bayani.

Kyauta kuwa katin waya ko littafi ɗaya ya isa, a buga hoton da taken da ya ci a manna a allon sanarwa na mako guda.