Tambayi Likita: Me ya haɗa aikin gwiwa da horar da numfashi?

Wata baiwar Allah daga Jega ta rubuto: "Likita, an sa wa mahaifiyata ranar aikin canjin gwiwa a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, saura wata guda. Shekarunta 67. Likitan gashin ƙashi ya ba ta wata 'yar roba ta riƙa zuƙa safe da yamma, ta ƙi. Cewa take gwiwa ke mata ciwo, me ya kai mu ƙirji?"

Hajiya ta yi tambaya mai kyau. Ki gaya mata, abin da ya fi ba mu tsoro ga dattijo bayan tiyatar ƙashi sau da yawa ba gwiwar ba ce, huhu ne. Idan aka sa mutum barci a ɗakin tiyata, ƙananan jakunkunan iska na can ƙasan huhu sukan manne. Ya farfaɗo kuma ga kwanciya rigingine, ga maganin kashe zafi mai ƙarfi da ke rage zurfin numfashi. Majina sai ta taru, tari ba ƙarfi, bayan 'yan kwanaki a ji zazzaɓi ya taso, namoniya ta shigo. Ko allurar baya aka yi mata maimakon barci, kwanciyar tana nan.

Numfashi aikin tsoka ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wani faffaɗan tantani mai kama da ƙwarya a kife, wanda ya raba ƙirji da kayan ciki. Mu ma muna da shi, shi ke jawo iska, kuma yana ƙara ƙarfi in an ba shi aiki, kamar damtsen mai daka. Robar nan tana da murfi a ciki da ba ya buɗewa sai an zuƙa da ƙarfi. Akan auna iyakar ƙarfin zuƙar mutum, a fara da kusan kashi 30 cikin 100, a riƙa ƙarawa a hankali. Ta zauna a kujera, ta toshe hanci, ta yi zuƙa 30 da safe, 30 da yamma, ko yadda likitan ya tsara mata. In ta ji jiri ta huta.

Gaskiyar magana, amfanin wannan horo ya fi bayyana a binciken da aka yi kan masu aikin zuciya da na ciki, inda ya rage namoniya bayan tiyata. Na ƙashi bai kai wannan yawa ba. Amma ga mai shekarunta, musamman in ta daɗe tana shaƙar hayaƙin itace a madafa, ni dai ina goyon baya. Sai dai wanda huhunsa ya taɓa hujewa, ko dodon kunnensa ya fashe, ko yake da karayar haƙarƙari, kada ya fara sai da izinin likita.

Wani matashi daga Argungu: "Babanmu ya zame a makewayi, ƙashin kwatangwalo ya karye. Mu ɗage aikin mako biyu ya horar da numfashi tukuna? Kafin nan mai ɗori zai duba shi."

A'a, ɗan'uwa. Horon nan na aikin da aka tsara tun da wuri ne. Karayar kwatangwalo ga tsoho ana son a yi mata aiki cikin awa 48, domin jinkiri shi ke jawo namoniyar da kuke gudu, da gyambon kwanciya, da daskarewar jini a jijiya. Ɗaurin kara kuwa ba ya kaiwa ga ƙashin da ke binne cikin tsoka. Ku kai shi asibiti yau, Birnin Kebbi ba nisa. Yana jiran aikin ma, a jingina shi da matashin kai, duk awa ya ja dogon numfashi sau 10, ya ɗan riƙe, ya saki, ya yi tari.

Wani direba daga Zuru: "Za a sa mini ƙarfe a ƙafa, ina shan sigari. An ce in riƙa hura balan-balan, ya wadatar?"

Hura balan-balan fitar da iska ne, mu kuwa jawo ta muke son ƙarfafawa. Sigarin ce babbar matsalarka: tana hana ƙashi haɗewa da wuri, tana sa ciwo ya ƙi warkewa. Ka ajiye ta aƙalla mako 4 kafin aikin, har da shisha. In hunturu ya kama, ka sa takunkumi a hanya.

Ku ukun duka, bayan an dawo gida, in majinyaci ya fara haki farat ɗaya, ko ƙirji na sukarsa, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a tsaya zuƙar roba ko jiran gari ya waye. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙafa ko ya tafi huhu, a nemi mota a cikin daren.