Ga 'yar'uwar da kayan lambunta ke ruɓewa, ga baƙi a hanya

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tambayarki ta taɓa ni ƙwarai. Kin ce kaka ta yi, kabewa da albasa da tumatir sun nuna miki lokaci guda, kin kwashe kin zuba a ɗaki, yanzu kusan rabi ya fara ruɓewa. Ga shi kin gayyaci ƙawayenki su goma sha biyu su zo su ci abin da kika noma da hannunki, kuma ba ki san me za ki sa a fangalan da kika kwashe ba. Wannan ciwon na san shi, duk mai lambu a bayan gida ta san shi, saboda haka ki daina ganin kamar ke ce ba ki iya ba.

Babu abin da ke karya zuciya kamar ki buɗe ɗakin ajiya wari ya riga komai tarbarki. Ki ɗaga kabewar da kika fi ji da ita, wadda kika yi wata uku ko huɗu kina ba ta ruwa kina kore mata ƙwari, hannunki ya nutse a gindinta, ruwa mai wari yana bin yatsunki. Ta sama lafiyarta ƙalau, ta ƙasa ta gama narkewa, kuma ta shafa wa biyun da ke jingine da ita. Ki juya ga buhun albasa ki ga gindinsa ya jiƙe, ƙananan ƙudaje suna tashi. Wanda bai taɓa ɗaukar ruwa da bokiti safe da yamma ba zai ce miki ai kabewa ce kawai, a sayi wata. Ba zai gane ba. Wahalar wata da watanni ce take zubewa a gabanki, ga kunyar cewa kin riga kin faɗa wa mutane lambunki ya yi kyau. Idan kin yi kuka ba ki yi laifi ba.

To amma yau ɗin nan, ba gobe ba, ki fitar da komai waje inda akwai inuwa da iska, ki duba ɗaya bayan ɗaya ki raba gida uku. Na farko wanda ya ruɓe ko ya yi funfuna, a kai shi nesa da sauran. Na biyu wanda ya ƙuje, ko ya fashe, ko ya ɗan yi laushi a wuri guda amma cikinsa lafiya. Na uku wanda ba shi da tabo ko kaɗan, shi kaɗai ne na ajiya. Abincin baƙinki daga kashi na biyu zai fito, don shi ne ba zai jira ba, kuma daɗinsa bai ragu da komai ba. Abu mai tauri kamar kabewa ko karas ko kabeji, idan tabon ƙarami ne, ki yanke shi ki haɗa da kamar santimita 3 na lafiyayyen wuri a kewaye. Tumatir kuwa idan funfuna ta kama shi a yar da shi gaba ɗaya, domin abu mai ruwa funfunar tana shiga cikinsa fiye da inda ido ke gani.

Yawancin abin da ya ruɓe a ɗaki tun a lambu aka ji masa ciwo. Kabewa ba a cire ta sai ɓawonta ya yi taurin da farce ba ya shiga, karanta kuma ya bushe. A yanke da wuƙa a bar mata guntun kara na santimita 5 zuwa 10, kuma kar a ɗauke ta da wannan karan, don da ya ɓalle an buɗe wa ruɓa ƙofa. Bayan an yanka tana buƙatar kamar kwana goma a wuri mai ɗumi da iska, ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan ƙujewa su warke. Sannan a jera ta a kan katako ko busasshiyar ciyawa, kar ta taɓa ƙasa, kar ta taɓa 'yar'uwarta. Ta fi daɗewa a wuri mai sanyi-sanyi, digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyas, a nan takan kai wata biyu zuwa uku. Idan ɗakinki ya fi haka zafi ki rage dogon buri, ki riƙa juya su duk mako. Kuma ki raba ta da tumatir da ayaba, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ke sa na kusa da su saurin tsufa.

Albasa ita ce ta fi cin amanar mutum. Idan kamar rabin lawashin ya kwanta, a daina ban ruwa mako ɗaya zuwa biyu kafin a tuge. Ba a wanke ta. A shanya ta da lawashinta a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku, har wuyan ya bushe ya tsuke, idan kin murza shi ba ki jin santsi a ciki. Sai a yanke a bar santimita 2 zuwa 3. Wadda aka yanke wa wuya yana ɗanye ta nan ruɓa ke shiga, ta gangara har tsakiya, waje kuma yana nan da kyau. Mai kaurin wuya da wadda ta yi fure ba sa ajiyuwa ko me kika yi musu, su za ki fara ci. Kar ki sa a buhun leda, ki nemi buhun raga ko kwando ki rataye. Idan kina da dankalin turawa ki raba musu wuri, shi kuma ya zauna a duhu, don haske yana sa shi kore, koren nan kuwa alamar guba ce.

Ki yi haƙuri zan ɗan kauce, amma tunda kin tambayi abin da za ki shuka, dole in yi maganar masu sayar da mataccen iri, don abin yana ƙona mini rai. Mutum ya san irin nan ya shekara biyu a rana da laima, ya juye shi a sabuwar takarda ya miƙa miki yana rantsuwa sabo ne. Ki gyara fangali, ki zuba takin da kika daɗe kina tarawa, ki yi mako uku kina ban ruwa kina leƙawa kullum da safe, ko tsiro ɗaya babu. Kafin ki gane, lokacin shuka ya wuce, shekara ta tafi. Ki koma wajensa ya ce ke ce kika cika ruwa, ko ƙasarki ce ba ta da kyau, har ki dawo gida kina zargin kanki. Kuɗin irin ba shi ne abin baƙin ciki ba, lokacin da aka sace miki ne, wanda ba wanda zai biya. Wannan zalunci ne, kuma an fi yi wa sababbin shiga irinki. Allah ya isar mana. Irin albasa da wuya ya wuce shekara ɗaya da ƙarfinsa, na karas kamar shekara uku, na tumatir da kabeji da kabewa kamar huɗu idan an ajiye su a bushe. Kafin ki zuba komai a ƙasa ki ƙirga ƙwaya goma, ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki sa a leda a wuri mai ɗumi, ki duba bayan kwana bakwai zuwa goma, na karas ki ba shi mako biyu. Takwas suka tsiro, iri ne mai kyau. Shida ko bakwai, ki ƙara yawan abin da za ki yafa. Ƙasa da biyar ki zubar.

Fangalan kuma ki fara kwashe yaɗon kabewa da karan tumatir. Wanda ganyensa ya yi cuta kar ya shiga ramin taki, a ƙone shi ko a binne shi nesa. Inda tumatir ya tashi kar ki mayar da tumatir ko tattasai ko yalo ko dankalin turawa, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, a ba wurin hutu daga gare su kamar shekara uku. Ki shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 3 zuwa 5 ki cuɗa da ƙasar sama. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana sa karas ya yi rassa, kuma yana da haɗari ga ganyen da ake ci ɗanye. Abin da ke son sanyi shi za ki sa yanzu. Tafarnuwa a ɓare ta a zaɓi manyan ƙwayoyi, tsinin yana kallon sama, zurfin santimita 5, tazarar 10 zuwa 15. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi, zurfin santimita 1, kuma saman ƙasar kar ya bushe har ya fito, yana iya ɗaukar mako biyu zuwa uku. Daga baya a rage a bar santimita 5 tsakani. Latas kar ki binne irinsa, ki ɗan danna shi kawai, kuma idan ƙasa tana da zafi sosai ba ya tsirowa, gara ki jira sanyi ya shigo. Kabeji a yi renonsa mako huɗu zuwa shida sannan a dasa da yamma, tazarar santimita 45. Idan a inda kike sanyi yana kai wa raɓa ta daskare, ki kwashe duk sauran tumatir da kabewa kafin daren farko, ki kuma rufe fangalin tafarnuwa da busasshiyar ciyawa.

Ɗanyen tumatir da ya fara sauya launi zai nuna a ɗaki, ki jera a kwali da ayaba ɗaya a ciki. Wanda ya yi yawa ki yanka ki shanya a kan raga, ki riƙa shigar da shi da dare saboda raɓa. In za ki dafa ki ɗura a kwalba, ki sa ruwan lemon tsami babban cokali biyu a kowace lita, ki dafa kwalaben a rufe cikin tafasasshen ruwa minti 45. Don Allah kar ki ɗura niƙaƙƙiyar kabewa a kwalba, kar kuma ki jiƙa tafarnuwa a mai ki bar ta a ɗaki. Ba su da tsami, kuma akwai ƙwayar cuta mai kisa da ke girma a irin wannan wurin ba tare da wari ko alama ba.

Batun baƙi, ki sauƙaƙa wa kanki. Abu huɗu sun isa: shinkafa, miyar tumatir da nama, gasasshiyar kabewa, da ɗanyen ganye in akwai. Kar ki gwada girkin da ba ki taɓa yi ba a ranar. Mutum goma sha biyu, shinkafa kilo ɗaya da kwata ta wadatar, nama mai ƙashi kilo uku, tumatir kilo uku, albasa kilo ɗaya, kabewa kilo uku kafin a fere. Ki tambaye su tun yanzu ko akwai mai ciwon suga, ko hawan jini, ko wadda jikinta ba ya karɓar wani abu.

Miyar ki yi ta tun jajibiri idan kina da firji, kwanan da ta yi yana ƙara mata daɗi. Naman a soya shi kashi-kashi, in kika juye duka lokaci guda tukunyar za ta huce ya saki ruwa, ya dahu bai soyu ba. Tumatir ɗin ki dafa shi a buɗe har ruwan ya tsotse kafin ya shiga mai, shi ke kashe tsamin. Gishiri da yaji ki fara da rabin abin da kike ganin zai isa, ki ƙara a ƙarshe bayan miyar ta yi kauri. Babbar tukunya ta gindi take kamawa, a rage wuta a riƙa juyawa har ƙasa. Idan kin ji ƙauri kar ki kankare, ki juye ta sama a wata tukunyar nan take. Da kin sauke ki raba ta a faffaɗan kwanuka marasa zurfi ta huce da wuri, ta shiga firji kafin awa biyu. Babbar tukunya da aka rufe da zafinta ta kwana, ita ce ke wayar gari da tsami da kumfa. In babu firji ki yi yanke-yanken albasa da feren kabewa da asuba, ki dafa a ranar, kuma ki kira biyu daga cikin ƙawayen su zo da wuri su kama miki. Za su ji daɗin hakan, kar ki ji nauyi.

Kabewar ki ɗan ɗanɗana ɗanyarta kafin ki dafa. Idan ta yi ɗaci sosai ki tofar ki yar da ita duka, ɗacin nan guba ne kuma dahuwa ba ta kashe shi, ya fi faruwa ga wadda ta fito da kanta ko daga irin da aka ajiye. Ki yanka ta ƙanana kamar santimita 3, ki cuɗa da mai da gishiri, ki baza a tire ba tare da wani ya hau wani ba, ki gasa a oven a zafin digiri 200 minti 30 zuwa 40, a juya sau ɗaya. A kan garwashi kuma manyan yanka sun fi, a wuta mai sanyi. Shinkafar ki raba tukunya biyu, ta fi dahuwa daidai, kuma ki ɗan rage ruwa fiye da yadda kika saba a ƙaramin girki. Ita ce za ki ɗora ƙarshe, kamar minti 40 kafin a zauna. Abin da ya rage kar ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya idan ana zafi, musamman shinkafa. Ki tanadi robobi kowa ta tafi da nata, ki haɗa musu da albasa mai kaurin wuyan nan da ba za ta ajiyu ba.

Ki faɗa mana irin ɗakin da kike ajiya a ciki, ko yana da taga, ko ƙasansa siminti ne, da kuma ranar da baƙin za su zo, don mu san abin da za a fara ceto. Allah ya sa albarka a abin da ya rage, ya mayar miki da alheri.